Yaran Tungar Giginya da Ba a Ƙirga Ba

Tun da na dawo daga Tungar Giginya ba a bar ni na sarara ba. A ofis, a gidan suna, har a bakin famfon unguwarmu ta Badariya, sai a tare ni: "Malama Rabi, wai da gaske jirgin ruwa kika shiga?" Na faɗa har bakina ya gaji. Kuma na lura labarin ya fara yin rassa a bakin mutane, don wata ta rantse mini an ce kada ya biyo mu har gaɓa. Babu kadan da ya bi mu. Ga yadda aka yi, kowa ya karanta ya ƙyale ni.

Lokacin da aka ba mu jiharmu, aka ce duk ma'aikacin da ke Sakkwato in dai ɗan Kabi ne ya tattara nasa ya nasa ya koma gida. Ni na daɗe ina koyar da labarin ƙasa a wata makarantar 'yan mata a can, sai aka dawo da ni Birnin Kebbi aka ajiye ni a ofishin ilimi. Ofis dai sunansa ofis. Teburi ɗaya mu uku, kujera kuwa ta wanda ya riga zuwa ce. Gidan haya ya yi wuya, dole na sauka wurin Inna, mahaifiyata, ni da yarana, maigidan yana can Sakkwato yana jiran tasa takardar canji. Duk da haka ban taɓa ganin mutane cikin matsi suna fara'a irin ta wannan lokaci ba. Kowa gani yake abin nasa ne, kuma gobe za ta fi yau.

Shugabanmu a ofis, wanda kowa ke ce wa Yallaɓai, dattijo ne mai son aiki da gaggawa. Ya ce abin kunya ne yaran sabuwar jiha su san sunayen kogunan Turai ba su san gulbin da ke bayan gidansu ba. Saboda haka za a yi ɗan littafi don 'yan firamare, kowace gunduma a faɗi tarihinta da yanayin ƙasarta da irin mutanen da ke cikinta. Aka rarraba mana. Ni aka ba ni wata 'yar ƙaramar gunduma can bayan Argungu, dab da iyakarmu da Sakkwato, wadda ko sunanta ban taɓa ji ba, ni da nake malamar labarin ƙasa.

Har na kai ƙofar ofishinsa zan fita, Yallaɓai ya kira ni. Ya ce, "Akwai wata makaranta nan Tungar Giginya. Mun aika jami'i ya dubo, ya ce yaran garin ba su kai a aje masu malami ba. Za mu ruhe ta, mu haɗa su da ta tsallaken gulbi. Tunda can za ki, ki tabbatar min, in sa hannu."

Na ce to. Amma ko ni da ban san garin ba na san ma'anar tsallaken gulbi. Babu uwar da za ta sa ɗanta a jirgi kullum safiya don boko. Rufewar nan, in an yi ta, karatun garin ne aka rufe gaba ɗaya.

Ranar tafiya Inna ba ta yi mini sallama ba, kuma ban sa rai ba. Ni ce 'yar farinta, tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Tana zaune tana tsintar shinkafa, ko ɗago kai ba ta yi ba, sai ta ce wa ƙanwata Asabe, "Ki ce ma waccan ta tahi da gidan sauro." Na ɗauki gidan sauro, na fita.

A tasha na sami a-kori-kura mai zuwa Argungu. Direban ya ga jakata da takalmina na ofis mai tsini, ya ce a ba Hajiya gaba. Na ji daɗi, har sai da na gane gaban nan mu uku ne, ta ukun kuwa akuya ce da mai ita ya ce ba ta jure iska. Kafin mu wuce Zauro ta cinye gefen gyalena. Na yi masifa, mai akuyar ya ba ni haƙuri da cewa ai ba ta saba ganin kaya masu kyau ba ne. Ban san lokacin da na yi dariya ba.

Dama da hagu fadama ce shimfiɗe, shinkafa ta nuna ta sunkuyar da kai. Amma 'yan bayan mota ba ta ita suke ba, gardamar jiha suke yi. Wani ya ce nan da baɗi kwalta za ta kai ƙofar gidansa. Wani ya ce shi dai a kawo taki. Wani tsoho ya ce shi abin da ya fi masa daɗi shi ne ya daina kwana a tashar Sakkwato don neman sa hannun mutum ɗaya. Ana cikin haka taya ta fashe, muka sauka muka zauna gindin wata tsamiya, aka ci gaba da gardamar daga inda aka tsaya.

A Argungu na kwana gidan wata tsohuwar ƙawata da muka yi makarantar horon malamai tare. Mu a Birnin Kebbi kifi ɗan ado ne a kan miya, a ba maigida tsoka a ba yara kai. Su kuwa sai an tona kifi kafin a ga miyar. Tuwon shinkafa da miyar tarwaɗa da rana, bandataccen kifi da yamma, da safe na ce a ba ni koko kawai, aka kawo koko da soyayyen kifi a gefe. Ƙawar tawa ta dubi takalmina ta ce in karɓi silifas ɗinta. Na ce ni wakiliyar gwamnati ce, ba zan shiga gari da silifas ba. Ta ce Allah ya kiyaye hanya, wakiliya.

Daga Argungu motar kasuwa ta ɗauke ni, muka bar kwalta muka bi turɓaya har inda hanya ta ƙare a bakin ruwa. Nan na tarar da malamin makarantar, Malam Altine, yana jirana, don an aika masa. Siriri ne dogo, ya sa rigarsa ta Juma'a, kana ganinsa ka san ya daɗe bai yi barcin kirki ba. Ya gaishe ni kamar mai gaida alƙali.

A nan ne takalmin gwamnati ya gamu da lakar fadama. Taku na farko ƙafar dama ta nutse, na ja ƙafa ta fito ita kaɗai. Mai jirgin, wani Bakabe mai tsage a kumatu da ake kira Noma, ya zura hannu har gwiwar hannu ya lalubo mini shi, ya ɗauraye, ya miƙo mini yana ƙoƙarin gimtse dariya. Na cire ɗayan ma na riƙe a hannu. Haka wakiliyar gwamnati ta shiga jirgi ba takalmi.

Ni da aka haifa a gefen gulbin nan ban taɓa shiga jirgi ba sai ran nan. Na damƙe gefensa da hannu biyu, duk addu'ar da na sani na karanta. Noma ya ce, "Malama, sassauta. In kina tsoro jirgi shina sani." Na ce masa ya ji da tuƙinsa. Amma da muka yi nisa zuciyata ta kwanta, na fara kallo. Gulbin a nan ba hanya ɗaya yake bi ba, rarrabuwa yake yi ya sake haɗuwa, ya bar tafkuna da tsibirai a tsakani. Shinkafarsu irin mai bin ruwa ce, ruwa na ƙaruwa tana ƙara tsawo, har wasu a cikin jirgi suke yankanta. Na shekara da shekaru ina zana wa yara gulbin nan a allo da layi ɗaya, ashe ƙarya nake musu.

Na tambayi Noma ina iyakarmu da Sakkwato take. Ya nuna wata giginya can nesa da sandar tuƙi. "Sun ce daga can. Ni dai gonata tana Sakkwato, tukunyata tana Kabi. Kullum sai na kwaso shinkahwa daga wata jiha, kuma ba wanda yat taɓa tambaya ta takarda."

A jirgin ne Malam Altine ya ba ni labarin zuwan jami'in. Ranar ya tafi Argungu karɓar albashi, jami'in ya tarar da makaranta a kulle. Sai ya sa maigari ya tara masa magidanta a zaure, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana tambayar kowa 'ya'yansa nawa. Abin da ya tara bai taka kara ya karya ba. Malam Altine ya bi shi har ofis ya ce wallahi yaran sun fi haka, aka ce masa ai dole ya ce haka tunda abincinsa ne.

"Malama, ba aikina nika ji ba," in ji shi. "In an ruhe, wani gari za a kai ni. Yaran ga nika ji. Akwai waɗanda sunka hwara haɗa baƙi. Kuma abin da ya ɗaure min kai, iyayensu da bakinsu sunka hwaɗi adadin, kuma ba maƙaryata na ba."

Tungar Giginya 'yar ƙaramar alƙarya ce a kan wani tudu, ruwa ya kewaye ta ta gefe uku. Rumbuna sun fi ɗakuna yawa. Maigari ya karɓe ni a zaurensa, dattijo mai sanyin magana, kuma da ya ji tarihi nake nema sai ya gyara zama. Ya ce kakanninsu Kabawa ne masunta, daga wajen Surame suka gangaro zamanin yaƙe-yaƙe, suka kafa gari a can kan tudu, har yanzu ana ganin kufan ganuwarsa. Daga baya Arawa suka zo suka zauna da su, Zabarmawa suka biyo da fatauci, Fulani kuma suna kan tudu da damina, da rani su gangaro fadama da shanu in an kwashe shinkafa. Kowa ya san lokacinsa. Da damina gero a tudu, da kaka shinkafa, da rani albasa da su. Gundumar duka haka take, rabi tudu rabi ruwa, mutanenta suna hawa suna sauka tare da gulbi.

Ita wannan tungar kuwa sabuwa ce. Tsohuwar tana can ƙasa, wata shekara ruwa ya zo ya cinye ta. Manya da yawa suka koma tsohon garin da kakanni suka kafa, samari masu sabon aure suka ce su ba za su bar fadama ba, suka hau wannan tudun suka kafa, wasu suka taho da tsofaffinsu. Shi ya sa, in ji maigari, in na duba zan ga garin duk ƙananan magidanta ne. Na ji wannan magana na wuce ta, ban san ita ce rabin amsar ba.

Masaukina ɗakin yayar maigari ne, Gwaggo Tumba, tsohuwa mai baki kamar reza. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ke ta anka aiko ki ruhe muna makaranta? To ci tuwo tukuna, ki samu ƙarhin ruhewa." Ta ajiye mini tuwon jar shinkafa da miyar kuka da kifi, ta tsaya a kaina sai da na cinye. Gadon kara ta ba ni, ita ta kwanta a tabarma, na yi na yi ta ƙi. Sauron garin kuwa ban taɓa ganin irinsa ba. Na sa wa Inna albarka da gidan sauronta.

Da safe na je makaranta. Aji ɗaya ne na laka da rufin kwano, sai rumfar zana a gefe. Yaran da na tarar ba su da yawa, sauran suna gona suna korar tsuntsaye daga shinkafa, don lokacin ne. In na koma na ce na ga aji rabi babu kowa, magana ta ƙare. In na ce malam ya ce suna da yawa, an riga an ji wannan. Sai na ce bari in yi abin da jami'in bai iya yi ba, in shiga gidaje wurin mata. Gwaggo Tumba ta ɗauki sandarta ta ce muje.

Gidan farko muka sami wata matashiya, Ige, tana surfe da goyo a bayanta. Wata yarinya da ta isa shiga aji tana zaune kusa da turmin tana wasa da ƙwarya. Bayan gaisuwa na ce, "Ige, yaranki nawa?"

Ta sunkuyar da kai ta ce, "Ɗaya na, Malama." Ta taɓa na bayanta.

Na dubi yarinyar. Hancin Ige, goshin Ige, har wushiryar Ige. Na ce, "Wannan fa?"

"Wagga? Ɗiyat tsohuwa ta." Ta ture yarinyar da ƙafa a hankali. "Ke, tashi ki tahi wurin tsohuwarki."

Yarinyar ko gezau, ta saba. Ni kuwa na san wannan turewar. Da ita na girma. Muryar Inna ce sak, ranar da baƙi suka tambaye ta ni wace ce ta ce 'yar maƙwabta ce.

Na ce, "Gwaggo, 'yar farinta ce ko?"

Gwaggo Tumba ta ce, "To da ɗiyaw wa ta? Ke kuma sai ki sa ta hwaɗi da bakinta? Ba ku da kunya Birni?"

Muka shiga gida na biyu, na uku, na huɗu. Ko'ina haka. Mai biyu ta ce ɗaya, mai uku ta ce biyu. Wata mai ɗa ɗaya tal ta rufe fuska da gyale ta ce ita tukuna Allah bai kawo ba, alhali yaron yana riƙe da zanenta. Mu ma a Birnin Kebbi muna kunyar ɗan fari, amma tamu ta fara sassautawa, iyakarta a ƙi kiran suna. A nan kuwa da ƙarfinta take. Da an yaye ɗan fari sai ɗakin kaka, can zai ci can zai kwana, uwa da uba kuma ba za su ƙirga shi a gaban mutane ba ko da wuƙa a wuya. Balle a zauren maigari, gaban surukai da iyaye.

Na koma wurin maigari na tambaye shi, da jami'in ya zo, an tambayi tsofaffi? Ya ce an tambaye su mana, 'ya'yansu nawa ƙanana, suka ce su da suka tsufa ina suka ga ƙananan 'ya'ya. Na ce an tambaye su jikoki? Ya ce a'a, ba a yi wannan tambayar ba.

Ashe nan yaran suka zube. Uba bai ƙirga ba don kunya, kaka bai ƙirga ba don ba a tambaye shi ba. A tsohon gari mai manyan gidaje, a cire ɗaya daga kowane gida ba zai yi wani tasiri ba. Amma a garin da kusan kowa sabon magidanci ne, 'ya'yan farin su ne waɗanda suka isa makaranta, na bayansu duk goyo ne da masu rarrafe. Babu wanda ya yi ƙarya, kuma an kusa rufe makaranta.

Na faɗa wa Malam Altine. Ya riƙe baki, sannan ya fashe da dariya har da hawaye. Ya ce shi ma da yana zauren ran nan, da an tambaye shi, haka zai yi.

Saura in gani da idona. Na ce wa Gwaggo Tumba ina so kowace kaka ta faɗa mini jikokinta nawa. Ta daka mini tsawa. "Ba a ƙirga mutum awa awaki! So kika yi baki ya kama muna su?" Na ga zan ɓata lamari, na ba ta haƙuri. Ita da kanta ta kawo dabara. Ta ce baƙuwa ta zo gari, ai wajibi ne yara su zo su gaishe ta. Ita za ta shaida wa tsofaffi, kowace ta kawo nata gobe da hantsi a makaranta. In ina da ido in yi aiki da shi, amma kada ta ji bakina yana motsi.

Wannan hantsin ba zan manta da shi ba. Aka bar tsuntsaye suka ci rabonsu na rana ɗaya. Sai ga tsofaffi suna fitowa daga lunguna, kowace da ayarinta, an shafe su da mai har suna ƙyalli. Wata ta turo wani ɗan ƙato gabana ta ce, "Ga mijina, ba shi noma ba shi cehwane, sai ci. Ku riƙe shi ku koya mai wani abu." Wata ta ce nata angon ya fi na kowa kyau, a sa shi gaba. Aji ya cika, rumfa ta cika, sauran suka zauna a gindin giginya. Iyayen kuwa ko ɗaya bai matso ba. Mazan suna can nesa wai gyaran taru suke yi, matan suna leƙe ta saman zana. Na hango Ige, idonta na kan yarinyar nan ba ta ko ƙiftawa. Da muka haɗa ido ta yi maza ta janye kai.

Na bi yaran da ido na ƙirga sau biyu, bakina a rufe, Gwaggo Tumba na gefena tana gadin leɓɓana. Sun isa a ba su malami, har sun isa a ƙara masa wani. Malam Altine ya sa waɗanda suka fara karatu suka karanta mini abin da ke allo. Ni kuwa sai da na share ido da abin da akuya ta rage mini na gyale.

Da zan tafi aka haɗa mini bandataccen kifi da jar shinkafa, na ce aikin gwamnati ne ba na karɓa. Gwaggo Tumba ta ce ba ni ta ba ba, tsohuwata ta ba, in kuma na isa in hana. Ta ƙara mini da silifas. Wannan karon ban yi gardama ba.

Duk hanyar dawowa tunanina ɗaya, yadda zan shawo kan Yallaɓai. Ganin ido na gani, amma ga rahoton jami'i da bakin iyaye a gabansa. Na shiga ofishinsa, akwai ma'aikata a zazzaune, na kwashe labari na faɗa masa. Ya saurara yana juya biro. Ya ce, "Malama Rabi, kin ji tausayinsu dai. Wane uba na gwamnati za ta tambaye shi ɗiyanshi ya rage? Wanga zance na da na, yanzu kai ya waye."

Raina ya ɓaci, amma na danne. Na ce, "Ranka ya daɗe, in yi tambaya? Kai yaranka nawa?"

Bai yi tunanin komai ba ya ce, "Shida, alhamdu lillahi."

Duk wanda ke wurin ya san gidan Yallaɓai, kuma kowa ya san babban ɗansa, wanda ke koyarwa a kwalejin kimiyya, wanda ma shi ya sauke shi a mota da safen nan. Wani tsohon akawu da suka taso tare ya yi gyaran murya ya ce, "Yallaɓai, da malamin kwaleji ko ba shi?"

Yallaɓai ya dube shi. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Can ya ce, "Wancan ai... na tsohuwa na." Sai shi da kansa ya fara dariya, ofis duka ya ɗauka. Da aka natsa ya jawo takardar rufe makarantar ya ja mata layi. Ya ce a nemo wa Malam Altine mataimaki, kuma duk inda aka ce yara sun yi kaɗan a sake komawa, a tambayi kakanni. Ya ce in sa wannan a cikin littafin, a babin mutanen gundumar. Na sa.

Da la'asar na isa Badariya. Na tarar da Inna a inda na bar ta, a kan tabarmarta. Na ajiye mata kifin Gwaggo Tumba, na zauna ina ba Asabe labari da ƙarfi yadda Inna za ta ji, don haka muke hira ni da ita tun ina yarinya. Da na kai ƙarshe ta ce wa Asabe, "Mutanen ga sun san ya kamata."

Ban san abin da ya shiga kaina ba. Wataƙila idon Ige ne ta saman zana. Na juya na dube ta kai tsaye na ce, "Inna, ke yaranki nawa?"

Asabe ta zaro ido. Inna ta yi kamar ba ta ji ba. Can ta ɗaga hannu ta fara lissafi tana lanƙwasa yatsu, ta kira Asabe, ta kira Bello, ta kira Nana, ta kira auta. Ta ce, "Su ke nan. Tashi ki ba ni wuri."

Na tashi. Amma na riga na ga hannun. Suna huɗu ta kira, yatsu biyar ne a lanƙwashe. Ƙaramin yatsan, wanda ake fara ƙirga da shi, tun kafin ta buɗe baki ta riga ta naɗe shi cikin tafinta, ta riƙe shi gam.